Idon da Ya Rage wa Mahaifiyata

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adar take a wajenmu, ba kuma wanda yake ɗaukar abin ƙiyayya. Da aka yaye ni sai aka kai ni Faskari wurin kakata ta wajen uba, can na girma, can na yi firamare. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Daudawa, a tsakiyar gonakin auduga. Idan na zo hutu na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, sai ta kau da fuska wajen bango ta amsa a taƙaice. In tana so a ba ni abinci, ƙanwata take kira, autarmu, ta ce, "Kai wa ɗan makarantar nan tuwo." Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba kamar yadda ƙannena suke yi. In magana ta kama dole, sai in ce "mutanen cikin gida".

Wannan zama bai taɓa damuna ba. Dama ni ba mai yawan magana ba ne, na fi sabawa da littafi, kuma gidan da ba a jirana in yi hira ya yi mini daidai.

Ina kwalejin horon malamai a shekarun nan da kuɗi ya shigo ƙasa. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, auduga ta yi daraja, ko ina ka duba ana cire jinka ana buga kwano. Mutanen da ba su taɓa hawa keke ba suka sayi babur. A irin wannan lokaci ne na zo hutu, ana tsakiyar tsinkar auduga.

Na sauka a mota da la'asar. A ƙofar gida na tarar da ƙanena, wanda yake bi na, yana sauke buhuna daga jaki. Tsawonmu ɗaya da shi. Ya karɓi akwatina, ya ɗora mini buhu guda, ya cire malfarsa ya kifa mini don tsokana, ya ce in shiga da shi in nuna ban manta aiki ba. Na shiga ban yi sallama da ƙarfi ba, don buhun ya danne mini wuya.

Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ga tarin auduga a gabanta tana ware fara tas daga mai tabo. A wannan aiki duk ƙauyen an san ta. Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido.

"Ajiye nan," ta ce. "Kai, ɗan makarantar nan bai iso ba? An ce yau za su zo. Tun safe na ce a kama zakaran nan, kun tsaya shiririta. Wancan zuwan ka ga yadda ya rame? Wuyansa kamar na zalɓe. Ban san abin da suke ba su a can ba."

Na tsaya da buhu a kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya tana fuskantata ba. Ban san tana da ɗan tabo a ƙasan leɓe ba sai ranar.

Auta ta leƙo daga madafa ta ce, "Inna, da wa kike magana?"

Mahaifiyata ta ɗan karkata kai, kamar wadda za ta dubi rumbu. Sai da fuskarta ta bar kaina sannan na ga ta gane ni. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta miƙe ta shige ɗaki. Auta ta riƙe ciki tana dariya.

"Yaya, yau dai ka ci zakara da shaida," ta ce. "Mai wuyan zalɓe."

Ni ban yi dariya ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, lokacin da take kallona ba ta gan ni ba, sai da ta kau da kai.

Daga ranar na shiga lura, don lura ita ce abin da na iya. A cikin farar audugar da ta ware akwai mai tabon rawaya da yawa, Auta ce take bi daga baya ta tsince a ɓoye. Ta daina sa zare a allura da kanta. Waken da ta tsince sai ka tauna tsakuwa. Amma tana zuwa rijiya ta dawo ba tuntuɓe, kuma idan ɗan tsako ya lallaɓo ta gefe zai sa baki a faifai, kafin ya kai ta kore shi. Mai shigowa kuwa sai ya yi magana take kiran sunansa.

Na tsare Auta a bayan rumbu na tambaye ta. Ta ce tun damina abin ya fara yawa, an kuma hana ta faɗa wa Baba. "Cewa take wani abu kamar tabon toka yake zama a tsakiyar duk abin da ta duba. In ta dube ka, tana ganin hularka da rigarka, fuskar ce babu."

Ni na faɗa wa Baba. Ya aika garin Sabuwa a gaya wa Kawu, wan mahaifiyata, wanda shi ne babba a gidansu tun rasuwar kakanmu.

Kawu ya zo a kan sabon babur, ledar kanti ma ba a cire daga sirdin ba. Mutum ne mai murya, mai kyauta, mai son ƙanwarsa ƙwarai. Ya shiga ya gan ta, ya fito zaure ya zauna yana girgiza kai.

"Ciwon tsohonmu ne," ya ce. "Haka ya fara. Yana zuwa gona ba sanda, amma ya wuce ɗansa a hanya bai gaishe shi ba. Har ya rasu ba mu yi mashi komi ba, don lokacin ba mu da shi. Yanzu kuwa Allah ya hore. Yanar ido ce, kuma akwai mai cire ta."

Ya ba mu labarin wani mai aikin ido da yake yawo kasuwa kasuwa. Ya ce a Ƙanƙara ya yi aiki a kan wani liman da idonsa ya yi fari fat, ana ja masa gora, yau ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Labarin gaskiya ne, ni ma na ji shi a bakin wasu.

Na ce, a hankali, idon nata ba fari ba ne, baƙi ne wuluk kamar na kowa. Na ce da za a fara kai ta asibitin ido a Kano.

"Ashe kana magana," in ji Kawu. "To, ku je. In sun gama nasu, mu yi namu."

Mu uku muka tafi, don ba yadda za a yi ta yi tafiya da ni kaɗai. A Sheme muka sami mota. Auta ta zauna a tsakaninmu, duk abin da za a ce ta kanta yake bi. In mahaifiyata ta sayi ayaba ta taga, sai ta miƙa wa Auta ta ce, "Ba na kusa da ke."

A asibiti an ɗiga mata magani, aka jira ƙwayar idon ta buɗe, aka shigar da mu wani ɗaki mai duhu. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Da ya ji ina Turanci sai ya ce in yi tafinta. Ya tambaya, in faɗa wa Auta, Auta ta faɗa wa mahaifiyata, ita kuma ta amsa wa Auta alhali ina tsaye ina ji. Likitan ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni ko matar ba ta ji sosai ne. Na ce tana ji. Ban san yadda zan bayyana masa sauran ba.

Ya daɗe yana haska cikin idonta da 'yar fitila. Da ya gama ya kunna wuta ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce in ɗauki ido kamar ɗaki. Yanar ido labule ce a bakin ƙofa, ana iya cire ta haske ya shiga. Nata kuwa ƙofar a buɗe take, can bangon ciki ne abin yake, daidai ɗan wurin da ake gane fuska da rubutu da shi, wurin ne yake cinyewa. Ya ce yawanci tsufa ke kawo irin wannan, amma ita ya zo mata da wuri, kuma tunda mahaifinta ya yi shi, alama ce ta gado. Ba shi da magani, ba kuma aikin da za a yi. Sai dai gefen ido yakan daɗe yana gani, sau da yawa har ƙarshen rai, da shi za ta ci gaba da harkarta. Sannan ya riƙe hannuna ya ce ya san abin da ake yi a ƙauyuka, kada in bari kowa ya sa ƙarfe a idon nan, don abin da ya rage ma zai tafi.

Kafin mu fita ya duba nawa idon da na Auta. Ya ce bai ga komai ba yanzu, amma in muka manyanta mu riƙa zuwa ana dubawa.

Na juya wajen Auta, idona a ƙasa, na ce, "Ki ce an ce ba yana ba ce. An ce ba shi da magani, amma ba za ta rasa gani duka ba. An ce kada a bari a taɓa shi."

Auta ta maimaita. Mahaifiyata ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Da muka dawo na zauna da Baba da Kawu na yi musu bayanin ɗaki da labule da bango, ban rage komai ba a kan idonta. Amma a cikin duk abin da na faɗa, kalma biyu ce ta zagaya dangi: ba magani.

"Likita bai ce ba ta da ciwo ba," in ji Kawu. "Cewa ya yi shi ba ya da magani. Ya faɗi gaskiyarsa, Allah ya yi mashi albarka. To wanda ke da shi fa, sai mu ƙi zuwa?"

Bayan tafiyarsa na roƙi Baba ya hana. Ya ce, "In na hana, cewa za a yi na ƙi kashe mata kuɗi, a shekarar da kowa ya san na sayar da auduga. Amma zan ja abin, wataƙila ya manta."

Hutu ya ƙare, na koma makaranta da wannan ɗan alkawari.

Ana tsakiyar zango wani yaron mota ɗan ƙauyenmu ya neme ni a bakin ƙofar kwaleji. Ya ce Auta ce ta aiko shi da baki. An kai Inna Sabuwa, an yi idon hagu, ba ta da lafiya, kuma ranar kasuwa mai zuwa mai aikin zai dawo ya yi na dama.

Na nemi izini na kama hanya. Daga Funtuwa na hau akori-kura ta Dandume, na zauna a kan buhunan gishiri, ban san ma na yi tafiyar ba. Lissafi ɗaya nake yi: ido ɗaya ya rage, kuma a cikinsa ma gefe ne kawai.

Auta ce ta tare ni a soron gidan Kawu. Duk tsiwar nan tata babu. Ta ce mutumin dattijo ne mai tsabta, mai ladabi, da jakar fata. Ya zaunar da Inna a rana, ya ɗiga wani ruwa, ya sa ita Auta ta riƙe kan. Ya fito da wani ƙarfe siriri ya soka ta gefen ƙwayar ya danna. Ya ɗaga yatsu ya tambaya nawa ne, Inna ta ce ba ta gani, ya ce yanar tata mai taurin kai ce, sai ta kwanta tukuna. Tun washegari idon ya kumbura. Ba ta barci, in ta ci abu sai ta mayar.

"Ni na riƙe kan, Yaya," ta ce. Ta sake cewa, "Ni na riƙe."

Na sami Kawu a zaure da maƙwabtansa biyu, rediyo na yi a gefe. Na gaishe su na zauna a bakin tabarma.

"A'a, Malam Bature," ya ce. "An rufe makarantar ne, ko kai ka rufe ta?"

Na ce na zo ne a kan idon dama.

"Za a yi shi in Allah ya kai mu."

"Kawu, na hagun bai warke ba."

"Ka taɓa ganin an yi kaciya yaro ya tashi da gudu? Ciwo ai sai ya yi ciwo. Mutumin ya ce zafin nan yanar ce ke nutsewa."

"Ba yana ba ce. Likita ya duba ciki, ya ce…"

"Likita ya ce, likita ya ce. Shi likitan ya san tsohonmu? Ya ga yadda ya ƙare, ana zuba mashi miya yana laluben akushi? Ni na gani." Ya ɗaga murya. "Kai kana can kana karatu, mu muke zaune da ita. Kana so in zuba ido ɗiyar uwata ta bi bayansa, ina hawa babur ina yawo?"

Ɗaya daga maƙwabtan ya ce yaron ma don tausayi yake faɗa. Ɗayan ya ce su 'yan boko ko zazzaɓi ne sai sun tambayi Bature izini. Suka yi dariya kaɗan. Ni kuwa duk bayanin da na jera a mota ya watse. Abin da na iya cewa kawai shi ne, in aka taɓa na daman, ko hanyar bayi ba za ta gani ba.

Kawu ya kashe rediyo. Ya dube ni da kyau.

"Ji nan. Ba ɗaure ta na yi ba. Idonta ne. Na tambaye ta, ta ce in yi abin da na ga ya dace. In ta ce a bari, wallahi ko ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma. Amma daga bakinta nake son ji, ba daga naka ba." Ya ɗan murmusa. "Sai ka je ka shawo kanta. Ku da kuke hira kullum."

Na koma wurin Auta na ce ta je ta faɗa mata. Ta girgiza kai.

"Na faɗa har na gaji. Cewa take Yayanta ya fi mu sani, kuma ya riga ya kashe kuɗinsa, ba za ta kunyata shi ba. Ni a wurinta yarinya ce. Kai ka ji bakin likitan da kunnenka, ni abin da ka ba ni na kai. Ka shiga da kanka."

"Kin san ba a yi."

"To kar a yi," ta ce, ta juya ta ci gaba da wanke kwanuka.

Na daɗe a tsakar gidan. Matan Kawu suna ta kai da komo suna satar kallona. Rana ta karkata, inuwar katanga ta kai bakin ɗakin da aka kwantar da ita. Na cire takalmi na yi sallama, ban tsaya a bakin ƙofa inda na saba tsayawa ba, na ɗaga asabari na shiga.

Ɗakin yana warin hayaƙin magani. Tana zaune ta jingina da bango, an ɗaure idon hagu da tsumma, ruwa ya jiƙa shi ya bushe ya sake jiƙawa. Wannan gefen fuskar ya kumbura har kunne. Na zauna a ƙasa a gabanta, kusa, yadda ban taɓa zama ba.

"Wane ne?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

Kalmar ta fito mini wani iri, kamar na ari bakin wani. Ita kuwa sai ta ɗaga murya wajen ƙofa ta ce, "Auta, zo ki ce wa mutumin nan ya fita."

Auta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Ba zan daɗe ba. A Kano ban faɗa miki da bakina ba, yau zan faɗa." Na yi mata bayanin ɗaki da labule, wannan karon ba da "an ce" ba. Na ce limamin Ƙanƙara labule ne ya tare masa, shi ya sa da aka ture shi ya gani. Ita ba labule a nata. Duk abin da aka tura, lafiyayyen wuri aka tura. Na ce kakanmu ya rasu yana zuwa gona da ƙafarsa ne domin ba wanda ya taɓa idonsa.

Hannunta yana ta murza bakin zane.

Na ce, "Ki dube ni sosai. Me kike gani?"

Ta yi kamar ba za ta yi ba. Can ta ɗago fuska ta fuskance ni. Ta ce wa Auta, "Toka."

"To ki dubi ƙofa."

Ta juya a hankali wajen ƙofar, inda haske yake shigowa, ni kuma na koma gefen idonta na dama.

"Ki ce masa," ta ce, "maɓallin rigarsa na sama ya tsinke."

Na taɓa wuyana. Ya tsinke, ban ma sani ba, wataƙila a mota.

Na ce, "Wannan da kika gani da shi, shi za a soka ranar kasuwa. Ba wani bayansa." Na tsaya, sannan na faɗi abin da ban gaya wa kowa a gida ba. "Kin ji likitan ya duba ni da Auta. Ba don wasa ba ne. Ciwon yana bin jini. Wata rana zai iya zuwa kan ɗayanmu, kuma abin da aka yi miki shi dangi za su ce a yi mana."

Ta juyo da sauri kamar za ta dube ni, sai ta tuna, ta mayar da fuska wajen ƙofa. Na ga idon daman ya ciko.

"Ki ce masa ya ci abinci," ta ce daga ƙarshe. "Sannan ki kira mini Yaya."

Na fita na tsaya a bayan asabari. Kawu ya shiga da faɗin "ya jiki, ya jiki". Muryarta ƙasa ƙasa take, amma na ji.

"Yaya, ka yi mini abin da ɗan'uwa ke yi, Allah ya saka. Na hagun na ba ka shi. Wannan a bar mini, ina da abin da nake dubawa da shi."

"Yaron nan ne ya…"

"Ni ce na ce."

Kawu ya fito ya wuce ni bai dube ni ba. Amma ya cika maganarsa. Ranar kasuwa mai jakar fata ya zo, aka ba shi fura ya sha, aka sallame shi. Da zai tafi ya ce a ci gaba da ɗiga ruwan a na hagu, zai buɗe. Ba mu sake ganinsa ba.

Bai buɗe ba. Muka mayar da ita Kano, likitan ya kwance tsumman ya duba, bai yi mini faɗa ba. Ya ba da maganin rage zafi da kumburi, ya ce iyakar abin da za a iya ke nan. Idon ya shafe watanni yana ciwo, sannan ya yi fari ya shanye. Da ido biyu tana ganin gefe biyu. Yanzu duk abin da ya zo ta hagu sai ya taɓa ta take sani. Ta ƙone hannu a murhu, ta daina zuwa rijiya ita kaɗai, audugar kuwa ta bar wa Auta gaba ɗaya.

Kawu ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata da fiye da "lafiya". Har ya rasu yana cewa da an yi na biyun da sun taimaki juna sun buɗe tare, ni na katse aikin a tsakiya. A dangi akwai waɗanda suka yarda da shi. Akwai kuma matan da suka daɗe suna maganar ɗan farin da ya shiga ɗaki ya zauna gaban uwarsa ya kira ta Inna, suna cewa abin da boko ke kawowa ke nan.

Ni da ita ba mu sake yin irin wannan zama ba. Na koma tsayawa a bakin ƙofa, ta koma aika Auta. Idon daman ya riƙe gefensa har ƙarshen ranta, ko da yake tokar ta yi ta faɗi a hankali. Duk zuwan da na yi, in na durƙusa na gaishe ta, sai ta kau da fuska wajen bango ta daɗe a haka kafin ta amsa, baƙi su ce kai, wannan baiwar Allah da kunya take. Bayan na tashi sai saƙo ya biyo ni ta bakin Auta, cewa na rame, ko hular nan ba ta yi mini kyau ba, ko furfura ta fara fito mini da wuri.

Yanzu an ce akwai irin wannan ciwo da ake yi wa magani a asibiti, na tsufa zalla. Na tambaya a kan namu, aka ce a ci gaba da dubawa. Ina zuwa, kamar yadda likitan nan ya ce. Auta ba ta zuwa, ta ce ba ta son ji. Amma da na kai mata ziyara bara, ta fito ta tare ni a tsakar gida, tana yi mini tsiya a kan tsufana kamar yadda ta saba, sai na lura duk maganar nan da take yi, kafaɗata take kallo.